Ƙulin Inna

Ni na haifi yarinyar, babu wanda bai san haka ba a Unguwar Gawo, amma "Anti Barira" take kirana. Ba laifinta ba ne. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu mace ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai dai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ranar da aka yaye ta, yayata Furera, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo da sabon zane ta goya ta, ta bi ta cikin gonaki ta tafi da ita. Tsakanin gidana da na Yaya Furera gonar gero uku ce da ta gyaɗa ɗaya, in tana daka ina jin taɓaryarta. Shekara goma sha shida ke nan mutane na kiran yarinyar Maimunatun Furera. To, kun ji na faɗi sunan, ba zan sake ba. Ita tana ce wa Furera Inna, ni kuma in zan ambace ta sai in ce 'yar Yaya.

Yarinyar ta gama sakandaren kwana ta 'yan mata can wajen Gezawa, kuma ta ci jarrabawarta da kyau. Sai ga Malama Susanna, mai koyar da Turanci a makarantar garinmu, ta zo da labarin wata gidauniya da ke ɗaukar nauyin 'yan matan ƙauye zuwa jami'a. Za a cike fom, a haɗa da sakamako, sannan a rubuta insha'i na kalma ɗari biyar da Turanci. A ciki yarinya za ta faɗi ko ita wace ce, da abin da ya sa take son karatun da ta zaɓa. Da na ji haka na ce wannan wace irin fitsara ce, a sa ɗiya mace ta zauna ta yabi kanta da kanta har kalma ɗari biyar. Malama ta yi dariya ta ce ba yabon kai ba ne, labari ake so na gaskiya, wanda in masu zaɓe sun karanta za su ji kamar sun shigo gidan yarinyar.

Da aka gama rubutun farko, Yaya Furera ta aika a kira matan unguwa. Haka take tun muna yara, in ta yi sabon lalle sai ta yi ta nuna hanya da hannu ko ba a tambaye ta ba. Bayan la'asar muka taru a tsakar gidanta ƙarƙashin darbejiya, mata sun fi goma. Na samu can gefe kusa da rumbu na zauna, na ɗauki faifan wake ina tsinta kamar abin bai dame ni ba. Kunnuwana kuwa duk biyun suna wurin. Malama Susanna ta riƙe takardar, tana karanta layi da Turanci tana mayar mana da shi Hausa.

"Sunana Maimunatu, kuma ina son in karanci kimiyyar abinci saboda ƙuli-ƙulin Innata. Shekara shida ina makarantar kwana, kowace ranar ziyara Inna na kawo mini bokiti guda cike da ƙuli. Na sauran ɗalibai mako biyu yake yi ya yi laushi ko ya yi warin tsohon mai. Na Inna kuwa yana kai mu ƙarshen zango yana ƙaras-ƙaras kamar jiya aka soya. Har malaminmu na kimiyya ya taɓa ɗaukar guda ya kai aji, ya tambaye mu abin da ya hana shi lalacewa. Tun ranar nake son in san amsar. Innata ba ta yi boko ba, amma hannunta ya san abin da littafi ke faɗa."

Mata suka ɗauki guɗa. Wata ta ce ashe Furera haka kike ba mu sani ba. Yaya Furera ta rufe baki da gefen mayafi tana wani sunkuyar da kai, wai ita kunya.

Ni kuwa waken da ke hannuna na ji na matse shi har ya shige mini tafi. Wane ƙulin Inna? Furera ce ta iya ƙuli? Matar da in ta yi ƙuli kwana uku ya koma kamar danƙo, in kuma ta ce bari ta gyara sai ya fito kamar tsakuwa! Ƙulin nan nawa ne. Gyaɗar gayaunata ce, wadda nake nomawa da hannuna a bayan gida. Duk zango, in ranar ziyara ta matso, kwana biyu nake yi a kansa. In zuba a bokitin fenti da na wanke tas, in rufe da tsohon zane kamar dusa na ɗauko, in kai gidan Furera in ajiye mata a bayan ƙofa. Ni da bakina na ce mata, "Yaya, kada ki ce daga ni ne." Ina tsoron matan garin nan su ce Barira ta zubar da kunya, tana rawar kai a kan 'yar fari. A lokacin hutu kuma ba a yi, ga tuwo ga fura wa zai nemi ƙuli, don haka yarinyar ba ta taɓa ganin wanda ke soyawa ba.

Na san ni na ce a ɓoye. Amma ɓoyewa a ƙauye daban, a rubuta da Turanci a aika birni a ce na Furera ne daban. Kishi ya turnuƙe ni, ba zan ɓoye muku ba. Na jira in ji ko can ƙasa za a ce akwai wata Barira a duniya. An ambaci malamin kimiyya, an ambaci Malama Susanna, har jakin mijin Furera ya samu shiga, wai shi ke kai taki gonar gyaɗa. Ni ko tari ba a yi da sunana ba.

Na miƙe na karkaɗe zanena. Furera ta ce, "Barira, tun yanzu? Ba ki ce komai ba."

Na ce, "Allah ya sa albarka. Na bar tukunya a wuta."

Ban bar komai a wuta ba. Hanyar gida na bi ina fizgar ganyen geron mutane.

Da na faɗa wa maigidana Malam Tasi'u, sai ya ce, "To ke me kike so? Yarinya ta samu karatu, ko ƙuli ya samu suna?" Na ce duka biyun. Ya girgiza kai ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Namiji ke nan, shi sunansa na nan a saman fom ɗin da manyan baƙaƙe, me zai dame shi.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, ina shara na ji sallama. 'Yar Yaya ce, da littafi da biro a hannu. Rabonta da shigowa gidana ita kaɗai tun ƙaramar salla. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon tsintsiya.

Ta ce, "Anti, Malama ce ta ce rubutuna bai cika ba. Wai na ce ƙulin ba ya lalacewa amma ban faɗi yadda ake yin sa ba, kuma in an kira ni ganawa za su iya tambaya. Na tambayi Inna, ta ce bayanta na ciwo ba za ta iya nuna mini ba. Ta ce in zo wurinki, wai ke ma kina ɗan taɓawa."

Ina ɗan taɓawa! Na tsaya da tsintsiya a hannu na ji kamar in haɗiyi zuciya. Da farko na yi niyyar in ce ban iya ba, su je can su ƙarata, Furera ta tsaya gaban masu jami'a ta yi musu bayani da kanta. Sai na dubi yarinyar ta gefen ido. Ta sa biro a baki tana jira. In na ƙi, ba Furera ce za ta faɗi a ganawar ba.

Na ce, "Ajiye littafin nan ki ɗauko mini tabarma."

Na fito da kwano huɗu na gyaɗa na zube. Na ce mata aikin daga nan yake farawa, tun kafin a hura wuta. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta yi wani kore-kore a jiki, waje. Ko kaji ba na ba wa, ramin shara nake kai ta. Guda ɗaya in ta shige, ita ce za ta ɗaci bokiti guda.

Idonta ya yi haske. Ta ce, "Anti, ai wannan koren guba ne! An koya mana, hanta yake ci." Ta jawo littafin tana rubutawa, tana faɗa a bayyane kamar mai bitar karatu: "Inna tana tsince duk gyaɗar da ta yi fumfuna."

Na ce a raina, Inna tana tsince ƙafarta.

Muka soya gyaɗar a kasko da rairayi, wuta kaɗan-kaɗan don kada waje ya ƙone ciki na ɗanye. Muka murza, muka fece ɓawon. Na nuna mata ɗan hancin nan da ke tsakiyar ƙwaya, wanda yawancin mata ba sa kula da shi, na ce a tankaɗe shi ya fita don shi ma ɗaci gare shi. Ta kai inji ta dawo. Na juye niƙan a turmi, ina zuba ruwan zafi da ludayi, tana juyawa da taɓarya har mai ya fara tsattsafowa. Ta ce ai ya isa. Na ce bai isa ba, a nan ragwaye ke tsayawa. Na naɗe tunkuzar a tsumma mai tsabta na ɗora dutsen niƙa a kai, muka zauna muna kallon man na ɗiga a kwano har ya daina.

Duk abin da na faɗa sai ta rubuta, kuma kowane layi da Inna yake farawa. Inna tana matse mai har ya ƙare. Inna tana soyawa sau biyu. Inna ba ta rufe bokiti sai ƙulin ya huce sarai a kan faifai, don kada zufa ta kama shi. Kowace Inna sai na ji ta kamar an ɗiga mini man nan mai zafi a bayan hannu.

Amma in faɗi gaskiya, ban taɓa yin wuni mai daɗin wannan ba. Tun da aka goya ta aka fita da ita, ban taɓa zama da ita gwiwa da gwiwa ba sai ranar. Da muka zo mulmulawa na ga yatsunta irin nawa ne sak, gajeru masu faɗin farce. Ban nuna mata yadda ake lanƙwasa zoben ba, kallo ɗaya ta yi ta kama. Na so in ce madalla. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Rage kauri."

La'asar ta yi, kaskon ƙarshe ya sauka. Ta ɗauki guda daga na farkon da ya huce, ta gatsa. Ta tauna sau biyu sai ta tsaya. Ta dubi ƙulin, ta juya shi a hannu, ta dube ni. Bakinta ya motsa kamar za ta yi magana.

Daidai nan Yaya Furera ta yi sallama ta shigo, tana wani dafe ƙugu don a san bayan na ciwo. Ta ce, "Sannunku da aiki, 'yan koyo." Ta sa hannu a faifaina ta ɗauki ƙulina, ta gatsa, ta lumshe ido kamar mai gwada miyar amarya. Ta ce, "To, ba laifi. Sai dai cittar ta ɗan yi ƙasa, ni nakan ƙara."

Na san yanzu cewa rufa wa maganata asiri take yi, ta ga yarinyar ta tsaya da ƙuli a hannu. A lokacin ban ga haka ba. Abin da na gani kawai mace ce ta tsaya a tsakar gidana, ta ɗauke mini 'ya, ta ɗauke mini suna, yanzu kuma tana gyara mini citta.

Na ce, "Kinkan ƙara? A ina kike ƙarawa, Yaya? A wane kasko?"

Ta ce, "Barira."

"A'a, bar ni! Faɗa mata mana, kwano nawa kike soyawa? Sau nawa kika taɓa ƙona hannu a kan ƙulin nan? Shekara shida ina noma, ina tsinta, ina matsa, ina ɗauka a ka kamar ɓarauniya in kai miki har bayan ƙofa. Ke naki ki ɗauka ki kai. Yau an wayi gari ke ce mai hannun da ya san littafi, ni kuma ina ɗan taɓawa! Jaki ma an rubuta shi, ni ba a rubuta ni ba!"

Ban san muryata ta kai haka ba sai da na ga kawunan maƙwabta a saman danga. Furera ta ajiye guntun ƙulin a faifai a hankali. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ke kika ce kada in faɗa. Sau nawa na ce miki ki bari in gaya mata?"

Yarinyar ta ce, "Inna, gaskiya ne?"

Furera ta ce, "Gaskiya ne, Maimunatu. Ni ban iya ba."

Yarinyar ta rufe littafinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta ɗauki mayafinta daga kan igiya, ta ce, "Anti, na gode da koyarwa." Ta kama hannun Furera suka fita.

Kwana uku ban ji daka daga gidan Yaya ba. Matan unguwa suka samu abin taunawa, wai Barira ta yi bori a kan 'yar fari, kunyar da aka san gidanmu da ita ta zube a tsakar gida. Malam Tasi'u ya daina yi mini magana sai in abinci zai karɓa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, wani sanyi nake ji a ƙirji. Na ce ko ba komai yanzu ta sani. Ina wanke-wanke ina ƙiyasta yadda za a gyara rubutun: duk inda aka sa Inna a kankare a sa Barira. Har na fara tunanin zanen da zan ɗaura in an ce masu gidauniya na son ganin mai ƙulin.

Ranar kasuwar Tsanyawa ita ce ranar ƙarshe ta aikawa, a shagon kwamfuta na bakin tasha za a tura. Da safe, rana ta ɗan ɗaga, sai ga su su uku: Malama Susanna da jakarta, yarinyar da takarda a cikin leda, Furera a baya da idanu a kumbure. Na shimfiɗa musu tabarma.

Malama ta ce, "Maman Kamilu, Maimunatu ta sake rubutun tun daga farko. Ni ban sa mata kalma ko ɗaya ba, waƙafi kawai na gyara. Na ce mata duk wanda aka ambata a ciki ya kamata ya ji kafin a aika." Kamilu shi ne ɗana na biyu, da sunansa ake kirana.

Duk wanda aka ambata! Na gyara zama, na ja ɗankwali gaba don kada a ga fuskata. Wannan karon yarinyar ce ta karanta da kanta, ta kuma fassara da kanta.

"Ina da uwa biyu. Wadda ta haife ni sunanta Barira."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba tare da Anti ba. Na ji shi har tafin ƙafa.

"Babu wanda ya kai ta iya ƙuli a garinmu. A makon nan na san cewa ƙulin da na ci shekara shida ita ke yin sa. Ta nuna mini yadda take tsince gyaɗa mai fumfuna, da yadda take matse mai har ya ƙare, da yadda take jira ya huce kafin ta rufe. Amsar da malaminmu ya nema a aji tana hannunta tun kafin a haife ni. Ina son in karanci kimiyyar abinci don in san sunan abin da ta sani, in kai shi ga matan da ke sayar da ƙuli a kasuwanninmu."

Na saci kallon Furera. Wallahi na saci kallonta, don in ga yadda abin ya zauna mata. Kanta na ƙasa. Yarinyar ta juya takardar.

"Wadda ta raine ni sunanta Furera. Ba ta iya ƙuli ba. Ba ta kuma iya mota ba, ko Tsanyawa za ta sai ta yi amai. Daga garinmu zuwa makarantarmu mota uku ake shiga: zuwa Kano, a ratsa gari, sannan a kama hanyar Gezawa. Sau goma sha takwas ta yi wannan tafiya da bokiti a cinya, ba ta taɓa fashi ba. Takan iso gefen zanenta a jiƙe, don ta tsaya a famfon bakin makaranta ta wanke kafin in gan ta. Ta ɗauka ban sani ba.

"A zangona na farko na so in gudu. Da ta zo na riƙe ƙafarta na ce sai ta tafi da ni. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zaunar da ni a gindin wata tsamiya ta tsefe mini kai, ta yi mini kitso, tana tambayata sunan kowace yarinya a ɗakinmu da garinsu. Kafin ta gama na ga ashe ina da ƙawaye takwas. Ta ce in zauna zuwa ziyara ta gaba kawai, in ban so ba za ta tafi da ni. Haka ta riƙa faɗa duk zuwa har na gama.

"A rubutuna na farko na ce ƙulin ne ya riƙe ni a makaranta. Da aka raba mini mai yin ƙulin da mai kawo shi, sai na zauna na tuna da kyau. Ranar ziyara in na tsaya a bakin ƙofa ina leƙen masu saukowa daga mota, ban taɓa neman bokiti da ido ba. Mayafinta ruwan goro nake nema."

Ta ninke takardar ta mayar cikin leda. Furera na kuka a cikin mayafi ba sauti. Malama Susanna ta duƙufa tana gyara igiyar takalminta da ba ta kwance ba.

Na san Furera ba ta iya mota ba. Ciki ɗaya muka fito, na sha riƙe mata kai muna yara in za a je biki. Amma sau goma sha takwas ina ajiye bokitin nan a bayan ƙofarta, ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda yake isa ba. Ni a wurina in na rufe murfin, aiki ya ƙare.

Yarinyar ta ce, "Anti, akwai inda na yi kuskure?"

Ta dube ni ido cikin ido. Na duba rubutun a zuciyata daga sama har ƙasa, ina neman ko da wuri ɗaya ne da zan ce ba haka ba ne. Na ce, "Babu."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙe, sai kuma ta tsaya tana murza bakin ledar. Ta ce, "Anti, motar nan da Inna ke shiga ranar ziyara mutum goma sha huɗu take ɗauka. Ko sau ɗaya ba a samu wuri ba ne?"

Na buɗe baki. Amsar na nan, kunyar 'yar fari, ita na rayu da ita shekara goma sha takwas, ita uwata ta ba ni, ita kakata ta ba uwata. Na ɗauko ta zan faɗa, sai na ji ba za ta kai ko bakin tabarma ba. Na rufe bakina.

Furera ta share fuska ta ce, "Barira, ɗauko mayafinki mu je tare a aika."

Na ce ina da aiki. Ba su matsa ba, lokaci na tafiya.

Na tsaya a ƙofar gida ina kallon su a 'yar siririyar hanyar da ta ratsa gero zuwa bakin titi. Malama na gaba. Furera ta kwance bakin zane ta ɗauko citta ta jefa a baki saboda motar, yarinyar ta karɓi jakarta ta rataya a kafaɗarta ba tare da an ce mata ba. Sunana na cikin ledar nan, an rubuta shi daidai, zai je birni manya su karanta. Abin da na yi wa ihu na samu. Kishin kuwa bai tafi ko'ina ba. Da a kan ƙuli nake yin sa, yanzu ga ni tsaye da girmana ina kishin aman mota.